Kukan Kwaɗin Gungun Baure

Kafin ruwan madatsa ya shafe tsibiran tsakiyar babban kogi, akwai wani tsibiri da ake kira Gungun Baure. Gidaje talatin da huɗu ne a kansa, dukansu na masunta. Daga can zuwa gaɓa mafi kusa tuƙin sa'a uku ne a kwalekwale.

Mutanen wannan tsibiri ba sa magana a kan ruwa. Kakansu na farko ya yi alƙawari da Zurfau, sarkin aljanun kogin. Sharaɗin gajere ne: kifin kogi nasu ne, amma duk abin da aka ambaci sunansa a kan ruwa na Zurfau ne. Wanda ya ce “taru” a cikin jirgi, tarunsa ya nutse ke nan. Wanda ya kira sunan mutum, ruwa ya buɗe ya karɓi mutumin. An gwada da Nufanci, an gwada da Zabarmanci, duk ɗaya ne, domin babu harshen da Zurfau ba ya ji. Cikin shekara ɗari mutum bakwai suka tafi ta haka, kuma babu wanda ya dawo.

Manya sun saba da shiru. Yara ne shirun ya dama. A tsibirin, yaro ko yarinya na kai shekara takwas ake ba shi filafili, wato abin tuƙi, ya yini a kan ruwa baki a rufe. Wasu yara suka fara ƙwanƙwasa gefen jirgi don su kira juna, daga nan suka koma fito. Wata rana wani ya kwaikwayi ƙarar tsallen kifi da bakinsa, sauran suka gane abin da yake nufi, kuma kifin bai ɓace ba. A nan suka fahimci cewa Zurfau ba ya jin sautin da ba a taɓa yi ba.

Na farkon sun tara kalmomi kamar ɗari biyu, suna jefa su ɗaya-ɗaya. Ƙannensu ne suka ɗinke su. Su suka samar da yadda ake cewa jiya da gobe, da yadda ake tambaya, da yadda ake zolaya. Bayan shekara goma sha biyu matasa arba'in da uku ke magana da wannan sabon harshe, ƙananan sun fi manyan sauri, har suna gyara wa yayyensu. A cikinsa babu yaya babu ƙane, kowa da sunan da abokansa suka sa masa. Dattawa suka kira shi kukan kwaɗi. Wannan sunan kaɗai ya rage, don haka duk abin da aka faɗa da harshen, ma'anarsa ce za a kawo a nan.

Cikin masu jin harshen akwai Sallau, ɗan shekara ashirin da biyu, da ƙanwarsa Barira, da Labbo, ɗan kawunsu kuma taubashinsu. Mahaifiyar su Sallau, Inna Tumba, ba ta jin ko kalma ɗaya. Sallau ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Wancan” take cewa, ko “yaron nan”, tana kau da kai.

Wata Laraba da hantsi Sallau ya ɗauko ta a jirgi za ta kai bandar kifi kasuwar gaɓa. Barira da Labbo suna wani jirgin, can gaba. A tsakiyar kogi dorina ta ɗago kai a bayan Sallau, shi kuwa yana kallon gaba. Inna Tumba ta buga hannu a jirgi, bai waiwayo ba. Ta ɗaga hannu, bai gani ba. Dorinar ta wage baki.

“Sallau!” in ji Inna Tumba.

Dorinar ta nutse ta tafi abinta. Ruwan da ke gefen jirgi ya dare biyu ba tare da ƙara ba, Sallau ya zame ciki a tsaye, filafilinsa a hannu, ruwa ya rufe.

Da aka koma tsibiri, Sarkin Ruwa ya tara jama'a gindin baure, ya ce alƙawari ne ya ci, sai haƙuri. Inna Tumba ta zauna a bakin ruwa, ba ta kuka, ba ta cin abinci. A rana ta biyu Barira ta sami Labbo yana ɗinkin koma, wato ragar kamun kifi.

“Tashi ka ɗauki filafili. Cibiya za mu.”

Cibiya wani wuri ne da ruwa ke juyawa a ƙarƙashin wani baƙin dutse. Kowa ya san nan ce ƙofar birnin Zurfau, kowa kuma yana kewaye ta da nisa.

“'Yar gwaggo, in kin gaji da duniya ki tafi ke kaɗai. Ni ban ci rana ba.”

“Kai da ci! Ko a can ƙasa sai ka nemi ɗumame.”

“To me za ki gaya wa Zurfau? Kina buɗe baki za ki zama tasa.”

“Da Hausa ke nan. Shekara goma sha biyu muna surutu a kan rufin ɗakinsa, me ya taɓa karɓa?”

Labbo ya ajiye komar, ya dube ta. “Wallahi in na mutu ke za ki yi wa Baba bayani a lahira.”

Suka isa Cibiya da tsakar rana. Ruwa ya kama hancin jirgi ya juya shi sau bakwai, sannan ya sauke su a hankali kamar mai sauke tulu daga ka. Ba su jiƙe ba. Kogin ya zama rufi a samansu, kore, rana na ratsa shi, suna ganin cikin kifaye suna wucewa. Gabansu ganuwa ce ta farin dutse mai ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar wata tsohuwar dabbar ruwa ce, ayu, zaune a kan kujera, ta yafa mayafi, gashin bakinta fari fat.

“Maraba da 'ya'yan tudu,” in ji ta da Hausa mai daɗi. “Sannunku da hanya, jikokina. Ina gajiya? Yaya mutanen gida? Ina iyayenku?”

Ba a taɓa gaishe su haka sun yi shiru ba. Tsohuwa ce, kuma ita ta fara gaisuwa. Labbo ya durƙusa, bakinsa ya riga ya buɗe zai ce lafiya lau. Barira ta taka masa ƙafa don kada ya amsa da Hausa. Ta durƙusa ita ma, ta amsa gaisuwar duka da harshensu, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba.

Ayu ta karkata kai ta saurara. “Shekara dubu nake tsaron ƙofar nan. Na ji harsuna ɗari bakwai, da na masu rai da na waɗanda suka shuɗe. Wannan ban san shi ba, amma na ga ladabi ne. Ku wuce. Mai birni ya daɗe yana son ganin masu wannan baki.”

Bayan ƙofa suka faɗa wani fili mai faɗin gaske. A nan aka jibge duk abin da aka taɓa ambata a kan ruwa. Ga taruna tuli-tuli, ga ƙwarya, ga akuya tana tuƙa, ga jirgi guda cike da albasa, ɗanya shar kamar yau aka cire ta. Dogarawa masu kai irin na kifin kurungu suna zagayawa da masu a hannu, suna shela: “Wanda ya ga nasa ya kira sunansa ya ɗauka! Babu mai hana shi!”

Labbo ya tsaya cak. A jikin wani dutse an jingine zagon mahaifinsa, mashin da marigayin yake farautar giwan ruwa da shi, har da jan zaren da ya ɗaure a ƙotar. Ya kira shi da harshensu, zagon bai motsa ba. Dogarawa suka yi dariya.

“Da harshen mai shi za ka kira, ɗan tudu. Kalma ɗaya ce.”

“Ka faɗa, ka zauna nan kana gadin albasa,” in ji Barira da harshensu. Ta kama kunnensa ta ja shi.

“Saki mini kunne, ai na ji. Hannunki kamar ƙaguwa.”

Daga filin suka shiga wani dogon lungu mai duhun inuwa. A cikinsa kalmomin da aka yi kuskuren faɗa a kan ruwa suke yawo, kowace da muryar mai ita. Wani dattijo na cewa “taru”, wata yarinya na cewa “takalmina”. A tsakiyar lungun muryar Inna Tumba ta fito daga bango, ta kira sunan ɗanta, ta sake kira, ta sake. Barira ba ta taɓa jin sunan a bakin mahaifiyarsu daga kusa ba. Ta rage tafiya. Wannan karon Labbo ne ya tura ta gaba.

Lungun ya kai su wani babban zaure. Tuluna ne jere a bango tun daga ƙasa har rufi, kowanne an toshe bakinsa, kowanne yana gunaguni a hankali. A tsakiya akwai da'irar busasshen yashi, faɗinta kamar tabarma biyu. Can ƙurya Zurfau na zaune. Tsayinsa ya yi na giginya, rigarsa ta ɓawon kifi ce, idanunsa ba sa ƙiftawa.

“Ku hau yashin,” in ji shi. “Kakanku ne ya zo da shi daga tudu ranar alƙawari. A kansa ƙasa ce, ba ruwa ba. Ku yi magana da harshen iyayenku, babu abin da zan karɓa.”

Suka hau, suka faɗi suka yi gaisuwa.

“Ranka ya daɗe, mai birnin ƙarƙashi, ni ce Barira 'yar Tumba ta Gungun Baure. Na zo neman yayana.”

“An ambace shi a kan ruwana.”

“Uwa ce ta ga dorina a bayan ɗanta.”

“Na sani, 'yar tudu. Shekara ashirin da biyu ta riƙe sunan a bakinta, sai a kan rufina ta sake shi. Ban taɓa karɓar suna mai nauyinsa ba. Amma alƙawari bai ware uwa ba.”

“To me zai fanshe shi?”

Zurfau ya nuna bango. “Kowane tulu harshe ɗaya ne. Babu maganar da ɗan Adam ya yi a bakin kogin nan da ba ta cikin ɗakina. Sai ga shekara goma sha biyu ina jin wani abu yana wucewa a samana, ana dariya, ban san abin da ake wa dariyar ba. Na tambayi fadawana, babu mai sani. Shi nake so.” Ya tafa hannu, aka kawo sabon tulu aka ajiye a bakin yashin. “Ku zuba shi a nan, kalma bayan kalma. Duk wadda ta shiga ta bar bakinku, ta bar bakin duk mai jin ta. In tulu ya cika, ki tafi da yayanki.”

Labbo ya ɗago kai. “Allah ya ja zamaninka, mu koya maka mana. Ka ji, mu ma mu ji.”

“Ni ba na aro. Abin da ya shiga ɗakina nawa ne.”

Labbo ya juya wajen Barira, ya yi ƙasa da murya. “Ba namu ne mu biyu ba. Mu arba'in da uku ne. Kin tambayi wani? Su Hansai fa, da suka ƙago rabinsa? Gobe su koma kan ruwa kamar kurame?”

“Ranka ya daɗe,” in ji Barira, “a ba mu izini mu koma mu yi shawara.”

“Ƙofata sau ɗaya take buɗe wa mutum. Wanda ya zo shi ke yanke magana.”

“To mutum bakwai ɗin da suka riga shi fa?”

“Harshe ɗaya, mutum ɗaya.”

Barira ta dubi tulun. Ba ta daɗe ba. Ta durƙusa, ta kai bakinta, ta faɗi kalmarsu ta kifi. Tulun ya yi ƙara kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Ta nemi kalmar a ranta, ba ta same ta ba.

A can ƙasa rana ba ta faɗuwa, amma a tsibiri an ƙirga kwana uku. Barira ta zuba sunayen kayan su, da na iska, da na tsuntsaye, da ƙidaya. Da muryarta ta dushe Labbo ya karɓa, yana yi yana harararta. Wani lokaci Zurfau yakan tsayar da su.

“Wannan me take nufi?”

“Gajiyar da mutum ke ji in ana komawa gida da jirgi cike, yana jin muryar 'yan uwansa a sauran jirage,” in ji Barira.

“Duk wannan a kalma ɗaya? Babu irinta a tuluna ɗari bakwai. Ci gaba.”

Suka zuba har suka ga kamar sun gama, amma tulun bai cika ba. Zurfau ya dubi Labbo. “Akwai saura a bakinka, ɗan tudu.”

“Waɗannan ba na gaban manya ba ne, ranka ya daɗe. Zage-zage ne da shaƙiyanci.”

“Su na fi so.”

Labbo ya zuba su ɗaya-ɗaya. Akwai wadda ya faɗa sai dariya ta ƙwace masa, Barira ma ta dara, kafin su rufe baki sun manta sautin abin da ya ba su dariyar. Ya share ido da gefen riga. Daga nan suka zuba sunayen abokansu, sannan nasu. Saura yatsa ɗaya tulun ya cika.

Zurfau ya sa aka buɗe wata ƙofa. Mutum takwas suka fito cikin fararen riguna iri ɗaya, fuskokinsu sun shafe kamar dutsen da ruwa ya daɗe yana gogewa. Babu yadda za a bambanta su.

“Ɗauki naki,” in ji Zurfau.

“Yaya Sallau,” in ji Barira. Babu wanda ya motsa.

“Wannan sunan nawa ne yanzu. Ba zai amsa shi ba.”

Kalma ɗaya ta rage mata, sunan da abokansa suka sa wa Sallau tun yana ɗan shekara goma. Ta sa bakinta kusa da tulun, idonta a kan mutanen, ta kira shi da ƙarfi yadda take kiransa daga jirgi zuwa jirgi. Na uku daga hagu ya ɗago kai. Hanci da ido suka dawo masa, da tabon ƙugiya a haɓarsa. Ya tako ya hau yashin. Tulun ya cika, wani bafade ya toshe bakinsa.

Zurfau ya kara kunne a jikin tulun, ya daɗe yana saurare. “Kun cika alƙawari, na cika nawa, har da sunansa na mayar masa. Ku tafi lafiya, 'ya'yan tudu.”

Cibiya ta tofo jirginsu da hantsi. Su uku suka tuƙa zuwa gida. Sallau ya waiwayo sau biyu zai yi magana, bakinsa na motsi, babu abin da ya fito. A hanya suka wuce jirage huɗu na abokansu. Kowa ya ga Sallau, kowa ya miƙe tsaye a jirginsa, babu wanda ya iya cewa komai.

Inna Tumba na zaune inda suka bar ta. Ta ga ɗanta ya sauko, ta tashi ta shiga gida ta hura wuta, ta dafa abincin da ya isa mutum goma.

A tudu ne Barira ta ji yadda abin ya kasance. Ranar farko wani yaro ya nemi a miƙo masa koma, ya rasa yadda zai ce. Ranar ta biyu 'yan mata suka kasa ƙarasa waƙar tuƙi. Ranar ta uku Hansai, wadda ta fi kowa iya harshen, tana tsakiyar ba da labari a jirgi maganar ta yanke mata. Da yamma matasan suka taru a bakin yashi, Barira ta faɗa musu abin da ta yi, da Hausa, ba ta rage komai ba. Yawancinsu suka ce da su ne haka za su yi. Hansai ta ce, “Da kin tambaye ni da na ba ki. Amma ba ki tambaye ni ba.” Shekara shida ba ta yi wa Barira magana ba.

Wasu sun so su sake ƙago wani, amma sun riga sun girma, abin bai kama ba. Kafin ƙananan yara su kai ga filafili aka zo da labarin madatsa, aka kwashe mutanen tsibirin zuwa sabon gari a kan tudu. A can kowa na magana a ko'ina. Labbo ya koma noman albasa, ya rasu da furfura.

Sallau ya yi tsawon rai. Duk ranar Juma'a Barira kan je gidansa su ci abincin rana tare. Wata Juma'a, jikokinsa na kewaye da su, ya ce zai ba su labarin abin da ya fi komai ban dariya a zamaninsu, abin da suke ce wa mai tuƙin da ya karkatar da jirgi cikin ciyawa. Ya faɗe shi da Hausa, a hankali, har da nuni da hannu. Yaran suka zuba masa ido suna jiran sauran.

“Shi ke nan, Kaka?” in ji babbar cikinsu.

“Ba haka ake faɗinsa ba,” in ji Barira.

“To yaya ake faɗinsa?” in ji Sallau.

Barira ta buɗe baki, ta ɗan jima a haka, sannan ta rufe.

“Matso da kwanon nan, Yaya,” in ji ta. “Kifin yana hucewa.”